Ranar Masu Hawan Jini a Babban Asibiti: Aiki Mai Kyau, Amma Komai Sai Likita

A manyan asibitocin gwamnati ana ware wa masu hawan jini rana guda a mako. Tsarin kusan iri ɗaya ne: ka ciro kati, nas ta auna jininka da nauyinka, ka zauna a benci har a kira ka wajen likita, daga nan sai ɗakin magani. Awon nas yana da kyau, kuma maganin ya fi na kemis sauƙin kuɗi idan akwai shi.

Matsalar tana wajen sa hannun likita. Ɗauki dattijon da ya shekara uku yana shan maganin hawan jini na amlodipine, awon jininsa ya daidaita a 130/80. Ba abin da ya kawo shi sai sabunta takardar magani, amma sai ya bi layi ɗaya da wanda ƙodarsa ta fara taɓuwa. Ya zo da asuba, ana kiran azahar yana kan benci, ganin likitan kuma bai wuce minti biyar ba. Haka mai shan lisinopril, wani maganin hawan jinin, da busasshen tari ya addabe shi. Mai harhaɗa magani ya san daga ƙwayar ne, ya san losartan zai maye gurbinta, amma iyakarsa ya ce, "Baba, koma wajen likita." Wasu daga nan gida suke wucewa, su daina shan maganin gaba ɗaya.

Abin ya samo asali daga sama. Kujerar shugaban asibitin koyarwa ta likita ce, albashi ma kashi biyu ne: CONMESS na likitoci, CONHESS na sauran ma'aikata. Wannan bambanci na cikin abin da ya kai JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, yajin aikin 2018. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar raba ayyuka, wato miƙa wasu ayyukan likita ga sauran ma'aikatan lafiya, tun 2014, sai dai a ƙananan asibitoci aka fi ganin tasirinta. A wasu na Kano da Ogun, jami'an lafiya na matakin farko suna bin rubutaccen tsari: a fara da amlodipine 5mg, in jini bai sauka ba a ƙara losartan.

Ba a raina likita ba. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, ko wanda jininsa ya haura 180/120, wannan layin nasu ne. Wanda jininsa ya daidaita kuwa, gara ya tambaya ko asibitin unguwarsu na duba hawan jini, ya bar babban asibiti sai an tura shi.