Na fake wa ruwa a laburaren Linen Hall, na ƙare da wuni

Ruwan sama ne ya kora ni ciki, ba niyya ba. Ina tsaye gaban ginin majalisar birnin Belfast, a Ireland ta Arewa, sai na hango wata ƙofa a tsallaken titi, an sassaƙa dutsen samanta kamar an rataya yadi. Ashe Linen Hall ke nan, laburaren da ya girmi duk na garin. Tun 1788 aka kafa shi a matsayin ƙungiyar masu karatu, kuma har gobe ba na gwamnati ba ne. Mai son aron littafi sai ya yi rajista ya biya kuɗin shekara, amma shiga a zauna a yi karatu, ko sisi ba a karɓa a hannuna ba.

Ginin a da sito ne na yadin lilin, sana'ar da ta ɗaga Belfast. Ciki kuwa kantocin katako ne da ƙamshin tsohuwar takarda, ga littattafan adabin Ireland da tarihinta jere reras.

Abin da ya riƙe ni shi ne kayan tarihin rikicin Ireland ta Arewa da aka shafe kusan shekara 30 ana yi, wanda ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Tun 1968 suka fara tara duk abin da aka buga a kansa: fastoci, takardun da ake rabawa a titi, bajo, har katin Kirsimeti. Na masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland da na masu son zama da Birtaniya, duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Na daɗe a gaban wasu fastoci biyu da ke maƙwabtaka a bango, kowanne yana tsine wa ɗan'uwansa. Takardar da wani zai nannaɗe ƙosai da ita a wurinmu, su sun adana ta.

Shi ma laburaren bai tsira daga siyasa ba. Mai kula da shi, Thomas Russell, a 1796 aka kama shi saboda yana cikin ƙungiyar United Irishmen, ta masu neman 'yantar da Ireland daga mulkin Birtaniya, aka rataye shi a 1803.

Akwai wurin shan shayi a ciki, ba laifi. Kuskurena ɗaya, na faɗo musu babu sanarwa. In bincike zai kai ka, ka tuntuɓe su tun kafin ka zo, ka faɗi takardun da kake nema, don ba komai ne ke kan kanta ba.