Yini guda ina koyon taka birki da totur da ƙafa ɗaya: abin da na gani

Shekara 12 ina tuƙa mota mai giyar hannu, har na fara ɗauka babu abin da wani zai ƙara mini. Da wannan girman kan na biya kuɗin horo na yini guda a wata makarantar tuƙi mai filin tsere nata, don in koyi dabarar nan da ake kira dunduniya da yatsa, wato ƙafar dama tana kan birki, gefenta ya ɗan zunguri totur, ta hagu tana kan kulochi, ka sauko da giya kafin ka shiga kwana. Kafin rana ta yi tsaka na gane ashe birkin ma ban iya takawa ba.

Motar da aka ba mu Mazda MX-5 ce mai giya 6, wadda tayoyin baya ke turawa. Malamin bai ɓata lokaci ba wajen bayyana dalilin wahalar. A wannan motar, idan inji yana juyi 3,000 a minti a giya ta uku, gudun nan ɗaya a giya ta biyu yana buƙatar kusan 4,400. In ka saki kulochi ba ka ba inji wannan ƙarin ba, tayoyin baya ne za su jawo shi sama da ƙarfin tsiya. A miƙaƙƙiyar hanya fizga kawai za ka ji. A bakin kwana kuwa, ga birki ya tura nauyin mota gaba, baya ya yi sakayau, sai tayoyin su ja ƙasa, gindin motar ya nemi ya riga hancinta wucewa.

Abu na farko, malamin ya kalli takalmina mai kaurin ƙasa ya girgiza kai, ya miƙo mini wani mai laushi, siririn tafi. Na ɗauka iyayi ne. Ba iyayi ba ne: da shi na fara jin gefen birki a ƙarƙashin tushen babban yatsana. Sunan dabarar ma ruɗi ne. Ya samo asali tun zamanin da wasu motoci ke da totur a tsakiya, tsakanin kulochi da birki. A motocin yanzu yawanci dunduniya ba ta taɓa komai, idon sawu kake murɗawa, gefen ƙafa ya yi aikin.

Mun fara a tsaye, giya a firi, sannan muka koma miƙaƙƙen layi. Nan na sha kunya. Duk lokacin da na kai gefen ƙafa ga totur, sai birkin ya ɗan saki, ko kuma in danne shi fiye da ƙima, motar ta yi tsalle, kawunanmu su yi gaba su dawo. A karo na biyar malamin ya juyo ya ce, “Malam, gaisuwar ta isa haka, na amsa.” Sannan ya hana ni taɓa totur gaba ɗaya. Sau goma ina taka birki, ina canza giya, shi kuma idonsa a rufe yana sauraron ko nauyin ƙafata zai canza. Wannan minti ashirin ɗin su ne suka biya kuɗina. Ni na zo ne don ƙarar inji mai daɗin ji, shi kuwa bai damu da ita ba. Ko allurar juyin inji ta wuce da ɗari biyu ko ta gaza, kulochi zai shanye. Birkin da ke rawa shi ne ke fitar da mutum daga hanya.

Wani abin da ban zata ba, abin ya fi sauƙi da gudu. In ka danne birki sosai, yana saukowa daidai da totur, ƙafa ta same shi a kusa. Da birki sama-sama irin na cikin gari sai ka yi ta lalube. Shi ya sa na daɗe ina gwadawa ni kaɗai ba na dacewa. Malamin ya kuma ja mana kunne a kan gaggawa: birki tukuna, giya daga baya. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka fetur kawai take yankewa, ba ta da iko a kan inji da tayoyi suka tilasta wa juyi. Ka jefa ta biyu da gudun ta huɗu, sai dai bakanike.

Inda suka gaza fa? Awa biyu cur muka yi a aji ana nuna mana hotuna, har da bidiyon shahararren direban tsere Ayrton Senna cikin Honda NSX a filin tseren Suzuka na Japan da farar safa, wanda duk mai sha'awar abin ya riga ya gani a intanet. Mu huɗu ne a kan mota ɗaya, zaman jira ya fi tuƙi yawa. Sun yi alkawarin bidiyon ƙafafunmu daga kyamarar da ke ƙasa, sati uku ke nan ina jira.

Wani ɗalibi ya tambaya ko akwai amfanin wahalar, tunda tun 2009 Nissan 370Z ke daidaita juyin da kanta, wasu motocin ma sun bi sahu. Tambayarsa da hujja. Wanda motarsa ke da maɓallin nan kuma lokacin zagaya filin tsere kawai ya dame shi, ya bar kuɗinsa a aljihu. Wanda bai ƙware da kulochi ba ma kada ya zo tukuna, ba a nan ake koyon tashi ba. Ni dai zan koma, amma darasin mutum ɗaya zan nema. A zagayen ƙarshe, cikin kwana takwas, uku ne na shiga kan malamin bai motsa ba.