Takardar kotu ko ta Hukumar Ƙidaya? Amsa ga ɗan'uwanmu da aka haifa a ƙauye

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari gari ya waye don in amsa maka a tsanake. Ga waɗanda ba su gani ba, ɗan'uwanmu ya ce a gida aka haife shi, a ƙauyensu, wajejen 1988. Ungozoma ce ta yanke cibiya, ba wanda ya rubuta komai. Yanzu zai yi fasfo, sai aka tarar shekarar da ke kan NIN ɗinsa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ta saɓa da ta takardunsa na makaranta. Wasu sun ce ya tafi kotu ya yi dikilareshan, wasu sun ce Hukumar Ƙidaya zai nufa, shi ne yake tambayar wacce ta fi. Ya kuma ce yana so ya san ko akwai inda zai samo rajistar haihuwar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, domin 'ya'yansa su san tushensu.

Takardun nan biyu ba kishiyoyi ba ne, ɗaya tsani ce ta hawa zuwa ɗaya. Amma nauyinsu ba ɗaya ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake samar da kowacce.

Ta kotu maganarku ce aka buga wa hatimi. Za ka je da wanda ya girme ka, mahaifiya ko baffa ko babban yaya, ya rantse a gaban jami'in rantsarwa cewa an haife ka rana kaza a gari kaza, kuma ba a yi maka rajista a lokacin ba. A manna hotonka, a sa hannu, a biya kuɗin kotu, kafin azahar ka fito da ita. Kotu ba ta aika kowa ƙauyenku ya bincika. Abin da take shaida kawai shi ne an zo an rantse a gabanta. Sauƙin nan shi ne ya rage mata daraja, domin duk ma'aikatar da ka miƙa wa ta san mutum ɗaya yana iya riƙe guda uku, kowacce da tata shekarar.

Ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, ita tana shigar da sunanka ne cikin kundin gwamnati, da lamba wadda za a iya bibiya a tabbatar. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa, mai lamba 69 ta shekarar 1992, ita ta ɗora wa hukumar wannan aiki a faɗin ƙasa, kuma tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi 774, galibi a sakatariya ko a babban asibitin gari. Takarda iri biyu take bayarwa, a nan mutane ke rikicewa. Akwai takardar haihuwa ta ainihi, ta yaron da bai kai shekara 18 ba. Akwai kuma wadda ake kira atesteshan, ta babban mutum wanda ba a yi wa rajista yana ƙarami ba. Kai da aka haifa tun kafin dokar, atesteshan ce taka. Duk wanda ya ce zai samo maka irin ta jarirai da tsohon kwanan wata, ka kama kanka, jabu zai kawo maka. Kuma cikin abubuwan da za su nema kafin su ba ka har da ita takardar kotun, tare da lambar NIN da hoto. Yanzu ta intanet ake cikewa a biya kuɗin kai tsaye ga gwamnati. Idan a kafe za a cike maka, ka zauna kusa da yaron, ka karanta kowane harafi kafin ya tura, musamman yadda aka rubuta sunanka da na mahaifinka.

Wajen karɓuwa kuwa, ta kotu har yanzu tana ci a wurare da dama: neman ƙaramin aiki, shiga wasu makarantu, har ofishin fasfo ya saba karɓarta daga waɗanda aka haifa kafin ƙarshen 1992. Sai dai matsalarka ba a ofishin fasfo take ba. Su abin da ke kan NIN suke ɗauka, don haka sai an gyara can tukuna, hukumar NIMC mai ba da NIN kuma ba ta sauya ranar haihuwa da takardar kotu kaɗai, ta Hukumar Ƙidaya take nema. Haka ofisoshin jakadanci, in Allah Ya nufe ka da karatu ko aiki a waje, ita suka fi amincewa da ita. Saboda haka kotu za ka fara zuwa, sannan NPC, sannan NIMC, fasfo a ƙarshe.

Za ka ji wasu na cewa ai a sakatariya ma ana bayarwa. Gaskiya ne, kuma ba da ka suke yi ba. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ya kuma ba Hukumar Ƙidaya aikin rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa takardu iri biyu ke yawo. Wanda ke riƙe da tsohuwar ta ƙaramar hukuma, wadda aka yanka masa tun kafin 1992, ya adana ta kamar zinare, shaida ce mai ƙarfi. Amma sabuwa da za a rubuta maka yau a sakatariya ba za ta fid da kai a NIMC ba. Kada kuma ka haɗa ta da takardar indijin, waccan asalinka take shaida, ba ruwanta da shekarunka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ban ga kowa ya taɓo ba cikin masu ba ka shawara. Ba kotu ba, ba Hukumar Ƙidaya ba, babu wadda za ta gano maka ranar da aka haife ka. Abin da ka kai musu shi za su rubuta. Don haka kafin ka kashe ko sisi, ka zauna ka tsayar da rana ɗaya.

Ni ma ta nan na bi. Takardar firamarena 1972 ta ce, domin ranar ɗaukar ɗalibai malami ya sa na ɗora hannu bisa kai na kamo kunne, ya dube ni ya rubuta abin da ya ga ya dace. Da buƙata ta taso, na je wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai ai ɗan shekarar naira ne. Shekarar da aka karɓe mana fam da sule, ga fari, gero bai yi ba. Saura kwana uku salla ƙarama uwarka ta sauka, da ƙunshi a ƙafarta." Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, azumin shekarar kuwa ya ƙare ne a ƙarshen Oktoba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba ta kawo ni cikin mako guda na ranar haihuwata.

Kai taka shekarar tana da alamomi masu kyau. A 1988 azumi ya faɗo cikin tsananin bazara, daga Afrilu zuwa Mayu. Babbar salla a Yuli aka yi ta, damina ta zauna. A watan Agusta ruwa ya ɓalle madatsar Bagauda a jihar Kano. Ranar 1 ga Nuwamba Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu. Ka tambayi mahaifiyarka, ko ungozomar in tana raye, ko matan da suka haihu tare da ita: da cikinka aka ji rasuwar Sarkin Musulmi, ko kana goye? Da zafi aka yi sunanka ko da ɗari? Idan gidanku gidan malamai ne, ka nemi a buɗe maka tsofaffin littattafan liman. Malamai da yawa kan rubuta haihuwar 'ya'ya da jikoki da ajami a bangon littafi, da rana da watan Musulunci, mayar da ita ta Bature kuwa aikin minti ɗaya ne a waya.

Daga nan ka baje takardunka a tabarma: ta firamare, ta WAEC, BVN, katin zaɓe, NIN. Idan duka sun yi daidai da abin da manya suka faɗa, NIN ce kaɗai ta kauce, aikinka ya yi sauƙi, ita za a gyara. Ka yi shi da natsuwa, domin gyaran ranar haihuwa ba abu ne da NIMC ke bari a yi ta maimaitawa ba. Na san jarabar da ke zuwa a daidai nan. Wani zai raɗa maka cewa tunda dai gyara za a yi, ka zaftare uku ko huɗu, saboda ritaya a shekara 60, ko saboda ayyukan da ke iyakance shekaru. Ina roƙonka kada ka yi. Baffanka za ka sa ya rantse a kan ƙarya, laifi ne a doka, nauyi ne kuma a wurin Allah. Na ga dattijon da aka riƙe wa garatuti fiye da shekara saboda fayil ɗinsa na ɗauke da shekaru biyu mabambanta, yana ta zirga-zirga da ƙafa mai ciwo.

Batun mahaifinka, Allah Ya kai rahama kabarinsa, a nan sai ka sassauta buri. Mutumin da aka haifa a ƙauye zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, da wuya ƙwarai a ce an yanka masa takardar haihuwa. Hukuma a lokacin masu biyan haraji da shanun jangali take ƙirgawa, jariri kuwa ba ya biyan komai. Abin da za ka nema shi ne sawunsa, kuma wurare biyu ne mutane kan dosa.

Na farko Kaduna, gidan adana tsofaffin takardun gwamnati na ƙasa, da kuma Arewa House, cibiyar binciken tarihin Arewa. A can akwai fayilolin larduna da gundumomi, rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta lokacin ƙiyasta haraji, tarihin garuruwa, sunayen hakimai da dagatai, yawan magidanta. Idan kana son sanin daga ina mutanen ƙauyenku suka taso, da wa ke sarauta lokacin da aka haifi mahaifinka, tafiyar ba za ta zama asara ba. Amma sunan jaririn talaka da ranar haihuwarsa, kada ka ɗora rai.

Na biyu gida, kuma shi na fi ba ka shawara ka fara da shi. Idan ya yi elementare, ka je makarantar ka gaida hedimasta, ka roƙi tsohuwar rajistar ɗaukar ɗalibai. Na taɓa riƙe irinta a hannuna, gara ta cinye gefe ɗaya, amma rubutun tawada na nan raɗau: sunan yaro, sunan uba, unguwa, shekarar shiga. Idan ya yi aikin En'e ko reluwe ko soja, fayil ɗinsa na aiki da takardun fansho suna ɗauke da shekara. Idan ya sauke farali, ka duba adakar mahaifiyarku, tsohon fasfon hajji ba ya ɓata a gidan Bahaushe. Rasitan haraji ma suna taimakawa, domin shekarar da ya fara biya tana nuna lokacin da aka ɗauke shi ya zama baligi, kuma a Kano da Kaduna an ci gaba da karɓa har 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi. Sai sa'o'insa, waɗanda aka yi musu kaciya tare. In ɗaya daga cikinsu na da shekara tabbatacciya, ka samu ta mahaifinka da ratar da ba ta wuce ɗaya ko biyu ba. Ka je musu da goro, ka kunna rikoda a wayarka, ka bar su su yi ta zuba.

Ka ce kana da yara. Ka duba ko kowannensu na da ta Hukumar Ƙidaya, domin katin awo da na rigakafi ba su ne takardar haihuwa ba, ko da yake suna taimakawa wajen yin ta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma mu mutanen karkara mu ne a baya. Doka ta ce a yi cikin kwana 60 da haihuwa, a wannan lokacin kuma kyauta ce. Ranar da za ka shiga sakatariya don taka, ka tafi da katunansu a aljihu, ka gaida min Hajiya in ka isa gida.