Yashin kashin mage da na saya a Ikeja, ga yadda na same shi

Gaskiya ni da ban yarda a kulle mage a ɗaki ba, a gida Kano tamu yawonta take yi ta dawo da kanta, amma nan Agege a Legas ba Kano ba ce, ga okada ga keke ga kwatami a buɗe, ga maganin ɓera da maƙwabta ke zubawa a kowane lungu, ga wasu kuma da sun ga mage da dare sai su ce mayya ce su hau jifa. Ranar da tawa ta dawo tana ɗingishi na ce shikenan, yawo ya ƙare.

Sai na je wani shagon kayan dabbobi a Ikeja na sayo robar da za ta riƙa kashi a ciki da yashin nan na bentonite (wata irin laka ce mai shan ruwa), buhu mai kilo 10. Wallahi yana aiki, da ta yi fitsari sai ya dunƙule kamar curin fura, ka sa ɗan cokalin roba ka kwashe, wari kaɗan ne. Kwana biyu ta gane wajen, ba wanda ya koya mata.

Matsalarsa ƙura, in kana juyewa sai ka yi atishawa, kuma da damina danshin Legas yana sa shi caɓewa a ƙasan robar. Kar ka zuba a masai, toshewa zai yi. Ga tsada, madam har tsiya take min wai na sayo wa mage yashi da kuɗi.

Har yanzu dai takan zauna a taga tana kallon ƙadangaru tana kuka, na sa raga.