Ofset ko dijital: wanne ya fi sauƙin illa ga muhalli?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi sauƙin illa ga muhalli wajen buga littattafai da mujallu, injin ofset, mai ɗaukar tawada daga faranti zuwa roba sannan zuwa takarda, ko na dijital, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta. A ganina amsar ta rataya ne a kan yawan kwafin da za a buga, domin kowannensu da wurin da ɓarnarsa take.

Shi ofset ɓarnarsa a farkon aiki take. Kafin a sami shafi ɗaya mai kyau sai an shirya farantan alminiyam, guda huɗu ga kowace fuskar takarda idan aikin mai launi ne, sannan a yi ta zura takarda har launukan su hau kan juna daidai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin ya ga tulin takardun gwaji da ake turewa gefe, wasu sun yi duhu, wasu ja ya zame ya bar inuwa a gefen haruffa. Ga kuma sinadarin da ake zuba wa ruwan jiƙa faranti da man wanke robar injin, waɗanda ma'aikata ke shaƙar tururinsu kullum, kuma wannan ne ya fi damuna. Sai dai ana narkar da farantan a sake sarrafa su, kamfanin Toray na Japan ya daɗe da fito da farantin da ba ya buƙatar ruwa, sannan akwai tawadar man waken suya, wadda jaridar The Gazette ta jihar Iowa a Amurka ta gwada a 1987, bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970 ta sa masu jaridu neman madadi. Da zarar injin ya daidaita, ɓarnar farko sai ta rabu a kan dubban kwafi har ta zama kaɗan.

Dijital ba ruwansa da faranti, kwafin farko ma abin sayarwa ne, saboda haka mai buƙatar kwafi 200 ba dole ya buga 2,000 ya jibge sauran a sito ba. Amma garin tawadarsa akasari roba ce da ake narkarwa da zafi ta manne, don haka kowane shafi yana cin wutarsa, na farko da na dubu duk ɗaya.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba, wato makomar takardar bayan an gama karantawa. A masana'antar sake sarrafa takarda ana dama ta da ruwa a hura iska, kumfa ta ɗauke tawadar zuwa sama a kwashe. Tawadar ofset ta yau da kullum da busasshen gari suna rabuwa cikin sauƙi, amma tawadar ruwa ta wasu injunan dijital takan narke ta rine takardar da aka dama, kamar yadda tawadar da ake busarwa da hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, takan bar ɗigo-ɗigo. Ƙungiyar INGEDE da ke Jamus, ta masana'antun da ke cire tawada daga tsohuwar takarda, tana da hanyar gwada wannan.

Idan aikinka ɗaruruwa ne, ko abin da ake yawan sabuntawa, ka nufi dijital; idan dubbai ne kuma ka tabbata za su ƙare, ofset ya fi. Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi maɗaba'ar ko takardar wadda aka sake sarrafawa ce, ko tana ɗauke da shaidar FSC, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tantance yadda ake kula da dazuzzuka, domin yin takardar kansa ya fi buga ta cin ruwa da makamashi.