Musanya samfuri ko ɗaura tebur a gefe?

Masu rubuta ƙananan manhajojin da ake jonawa a Django (tsarin gina shafukan intanet da harshen Python) sun sha tambayata: in bar mai jona manhajata a aikinsa ya musanya samfurin bayanaina (model, wato fasalin teburin ajiye bayanai) da nasa, ko in ce ya ɗaura tebur na biyu da OneToOneField, gurbin da ke haɗa layi ɗaya na wannan tebur da layi ɗaya na wancan?

Musanyawa ita ce hanyar da Django ta buɗe wa samfurin asusun masu shiga shafi (User) tun sigar 1.5 a 2013, ta saitin AUTH_USER_MODEL. Kai ka ba da ƙashin samfuri, mai jona manhajarka ya gina a kai, ya ƙara gurbin lambar waya, komai a tebur ɗaya. Daɗinta ke nan. Amma wahalar kanka take komawa: ba ka da damar kiran samfurin kai tsaye, sai ta irin get_user_model(), kuma dole fayilolin ƙaurarka (migrations, masu sauya fasalin tebur) su yi aiki da teburin da ba ka taɓa gani ba. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Wanda ya musanya bayan bayanai sun taru, yakan kwana yana gyaran alaƙoƙi da hannu.

Tebur a gefe kuwa, ko yaushe ana iya ƙara shi, kuma sabunta manhajarka ba ya taɓa shi. Sai dai duk neman bayanan da ya shafi ɓangarorin biyu sai ya haɗa tebur biyu. In an manta select_related, mai ɗauko bayanan teburan biyu a lokaci ɗaya, shafi ya yi nauyi. Kuma ba ya sauya gurbin da ke akwai.

In manhajarka ita ce ƙashin bayan aikin, kamar ta kantin intanet, musanyawa ta fi dacewa. In ƙaramar mataimakiya ce, ko aikin ya riga ya yi nisa, teburin gefe ya wadatar.