Hattara da mai sayar da "ɗanyen yakutu" a intanet

Har yanzu jikina rawa yake. Rabin albashina na wata na tura wa mutumin nan a kan duwatsu 3. Rabin albashi! Shi kuma guba ya naɗo min a auduga ya aiko.

Kada wanda ya ce min ban yi bincike ba. Sai da na sa ya kira ni ta bidiyo. Ya ɗaga shuɗin dutsen a rana yana juya shi, yana ta ɗaukar ido, ya ce, "Hajiya, ɗanyen yakutu ne, yadda aka haƙo shi daga rami, kada ma ki wanke shi." Wannan maganar ce ta hana ni barci. Kada ma ki wanke shi. Na ɗauka darajar dutsen yake kiyayewa, ashe ya san abin da ruwa zai tona.

Ranar da na ga ya yi ƙura na tsoma shi a kofi. Nan take ruwan ya koma shuɗi, gefen dutsen ya zagwanye kamar gishiri. Kai, kafin wannan ma, jan dutsen da na ajiye a bakin taga ya fara zubar da wani gari rawaya, ina sharewa yana dawowa, har sai da na ga garin a yatsan 'yata mai shekara 4. Allah ne ya tsare ba ta kai baki ba.

Ƙanin mijina ya karanci ilimin ma'adinai. Makulli kawai ya sa ya karce su, duka suka yi zane. Ya ce yakutu na gaske taurinsa 9 ne a ma'aunin Mohs na gwada taurin duwatsu, makulli ba ya yi masa komai. Shuɗin sunansa kalkantait, haɗin jan ƙarfe da farar wuta, dangin maganin feshin gona, kuma har a cikin roba ake iya haɗa shi. Jan kuwa riyalga ne, gubar arsenik ce a cikinsa, haske ke rugurguza shi ya zama garin nan. Na ukun, mai nauyi, ruwan toka, galina ce, wato dalma. Abin da na ba da rabin albashina a kai ke nan, na kuma jera a inda 'yata ke wasa.

Na rubuta wa mai sayarwar, ya ce wai ni na lalata kaya da ruwa. Na sake rubutawa, ya toshe ni. Wannan mutumin da ya riƙa gaishe ni kullum da safe yana tambayar lafiyar yara kafin in tura kuɗi!

Wanda ya saya, kada ya jiƙa, kada ya goge da hannu, a rufe a kwalba nesa da yara a wanke hannu. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna wayata, zan saka su a nan da daddare, har da muryar da yake cewa kada in wanke.